An gayyace ni cin abinci a Rules, gidan naman daji na Landan. Me zan ci a wurin?

Dan_Gwammaja:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah waɗanda suka daɗe a ƙasar nan ku ba ni shawara. Farfesan da ke duba aikina na digiri na uku ya gayyace mu mu huɗu cin abincin dare ranar Alhamis mai zuwa, saboda ɗaya daga cikinmu ta kare kundinta an amince. Wurin da ya kama mana tebur sunansa Rules, yana kan layin Maiden Lane a Covent Garden. Ya ce babu gidan abincin da ya kai shi tsufa a Landan, kuma naman daji ne sana'arsu, tsuntsaye da barewa da zomo irin waɗanda ake harbowa da bindiga. Dattijon nan shekara uku yana ɗawainiya da ni, kuma yadda na ga fuskarsa ta washe yana ba mu labarin wurin na san abin na da girma a zuciyarsa, ya ce mahaifinsa ne ya fara kai shi yana ɗan yaro. Ba na son in ƙi zuwa, ba na kuma son in je in zauna ina juya cokali kowa na ci. Tambayata biyu ce. Naman da aka harbo ɗin nan ya halatta gare mu? Sannan wanda ya taɓa shiga, yaya wurin yake, me ake sawa, me zan yi oda hankalina kwance?

Hajiya_Peckham:
Wa alaikumus salam ɗana. Ka je. Mutumin da ya girmama ka ba a watsa masa ƙasa a ido. Ka ci kifi, suna da shi, shi kenan magana ta ƙare. Shekarata ashirin da shida a garin nan haka nake yi duk inda aka gayyace ni.

Dan_Wusasa:
Ni na je sau biyu, kuma ni Kirista ne don haka maganar halas da haram zan bar wa malamai, amma yadda wurin yake zan iya gaya maka. Daga tashar Charing Cross tafiyar 'yan mintoci ce a ƙafa, layin siriri ne a bayan Strand, za ka hango jar rumfa da rubutun ruwan zinari. Kana shiga abin da zai fara kama idonka ja ne, kujeru na jan karammiski, fitilu masu hasken ruwan ɗorawa, bangon kuma ba inda za ka ɗora tafin hannu saboda hotuna da zane-zanen barkwanci na tsofaffin jaridu da ƙahonin barewa. Akwai wani babban zane na Margaret Thatcher, tsohuwar firaministar Birtaniya, sanye da sulke kamar mai fita yaƙi. Wani mutum Thomas Rule ne ya buɗe shi a 1798, kuma da kawa ya fara, wato wannan abin ruwan mai ɓawo da suke sha ɗanye. Marubucinsu Charles Dickens ya ci abinci a nan. Sarki Edward na bakwai ma lokacin yana yarima a saman bene yake zama, har yanzu suna nuna ɗakin.

Zuwana na farko a watan Satumba ne na ci tsuntsun da suke kira girawus. Girmansa bai kai kaza ba, ya ɗan fi makwarwa, guda suke kawo maka a kan yankan burodin da aka shafa wa hantarsa, ga dankalin Turawa da aka yanka siriri kamar takarda aka soya, ga garin burodi soyayye, ga wani farin abu mai kauri kamar kunu da ake yi da madara da burodi da albasa da kanumfari, sai ɗan jan jam mai tsami-tsami a gefe. Naman baƙi-baƙi ne, ciki kuma da sauran ja, ba sa bari ya gasu tilis. Ƙirjin na da taushi, cinyar kuma akwai ɗan ɗaci a cikinta, irin ɗacin da ba ya korar mutum, kamar na goro, kana ci kana son ƙari. Wallahi loma ta farko zabuwar dajin da kawuna yake kawo mana daga Birnin Gwari ta faɗo min a rai.

Kaya kuma ba dole sai kwat da nektai ba, ka dai yi shiga ta mutunci. Ni da ni ne kai kaftani da hula zan sa.

Injiniya_Leeds:
Gyara kaɗan a kan maganar tsufa. Wiltons da ke Jermyn Street suna ƙirga nasu daga 1742, sun girmi Rules da shekara hamsin da shida kenan. Sai dai su da teburin sayar da kawa a bakin kasuwa suka fara, kuma sun yi ta canza mazauni. Rules kuwa a wannan layin yake tun farko, shi ya sa suke riƙe da kambun. Akwai kuma Simpson's na kan Strand, 1828, inda 'yan dara irin ta Turawa suke taruwa a da.

Dan_Wusasa:
Haka ne Injiniya, na yarda. Ni abin da ke jikin takardarsu na faɗa.

Malam_Tsangaya:
Bismillah. Dan_Gwammaja Allah ya yi maka albarka da ka tambaya kafin ka je. Farauta a kan kanta halas ce, Suratul Ma'ida ta yi bayaninta, kuma dabbar dajin da ba a iya kama ta da hannu, raunin da makami ya yi mata shi ne yankanta, in maharbin ya ambaci sunan Allah lokacin da ya saki. In kuma ka riske ta da sauran rai to sai ka yanka. Maganar bindiga ma malamai na baya sun tattauna, saboda hadisin Adiyyu ɗan Hatim ya bambanta makamin da ya huda da wanda ya buge kawai, malaman Fas na mazhabarmu suka ce harsashin dalma hudawa yake yana zubar da jini, don haka ya halatta. To matsalar ba a bindigar take ba. Tana wurin wanda ya riƙe ta. A Mukhtasar na Khalil an sharɗanta mafaraucin ya zama Musulmi, kuma abin da ya shahara daga Imam Malik shi ne ana cin yankan Ahlul Kitabi amma ba a cin farautarsu, ya kafa hujja da aya ta 94 ta Ma'ida inda aka jingina farautar ga hannayenku da māsunku, wato ku muminai. Don haka in kana kan abin da muka taso a kai, ka bar tsuntsun, ka ci kifi kamar yadda Hajiya ta ce.

Abu_Hanan:
Allah ya gafarta Malam, da girmamawa, amma ya kamata a gaya masa ɗaya ɓangaren ma. Hanafiyya da Shafi'iyya da Hanbaliyya duk sun halatta farautar Ahlul Kitabi, suna cewa aya ta 5 ta wannan surar ta halatta abincinsu ba ta ware farauta ba. Kuma a cikin Malikiyya ɗin ma Ashhab da Ibn Wahb sun halatta. Ba ina cewa ya je ya ci ba ne, ina cewa kar ya ɗauka wanda ya ci ya yi abin da babu malamin da ya faɗa.

Malam_Tsangaya:
Gaskiya ka faɗa Abu_Hanan, saɓanin yana nan ban ɓoye shi ba, na ce abin da ya shahara. Amma bari in tambaye ka, waye ya harbo tsuntsun? A ranar farauta irin tasu mutum takwas ko goma ne suke jeruwa suna harbi, a tattara tsuntsayen wuri guda a kai wa dillali. A cikinsu akwai Kirista, akwai wanda zai gaya maka shi bai yarda da kowane addini ba. Wanda ke kawo maka faranti ba zai iya ce maka wannan na wane ne ba. To ko a kan fatawar masu halattawa sharaɗin ya tabbata?

Abu_Hanan:
Wannan tambaya ce mai nauyi Malam. Wasu suna ɗaukar hukuncin galibin mutanen ƙasa, to amma ƙidayar 2021 ta nuna waɗanda suka ce su Kirista ne a Ingila da Wales ba su kai rabi ba. Zan koma in duba.

Kuku_Whitechapel:
Ku yi haƙuri malamai in shigo da maganar kicin, don shekara tara nake aiki a kicin ɗin Turawa a garin nan, ban yi aiki a Rules ba amma girkin gargajiyarsu hanya ɗaya yake bi. Ko da Musulmi ne ya harbo tsuntsun ya yi bismilla da babbar murya, akwai sauran rina a kaba. Naman daji ba shi da kitse, in ka sa shi a oven haka nan bushewa yake kamar itace, saboda haka al'adarsu ita ce a shimfiɗa yankan naman alade mai kitse a kan ƙirjin kafin a gasa. Wani wurin su kawo maka da shi a kai, wani wurin su cire, ka ga tsuntsu fes ba ka san abin da ya tsotsa ba. Na biyu romon. Romon naman daji kusan kullum da giyar inabi ake ɗaure shi, ja ko mai zaƙin nan ta Fotugal, wani lokacin barandi. Su fai ɗin nan na nama da ake rufewa da ƙullu su ma sau da yawa da giya baƙa ake dafa cikin. Don haka Dan_Gwammaja ko kifin ma ka buɗe baki ka tambaya, ka ce a gasa maka da man shanu da lemon tsami kawai, ban da miyar da aka sa wa giya, sannan ka tambayi da wane mai aka soya dankalin, don wasu da kitsen shanu ko na agwagwa suke yi. Kar ka ji kunya, a ƙasar nan doka ta sa dole su san abin da ke cikin abinci saboda masu alaji, wato waɗanda jikinsu ba ya karɓar wasu abinci, tambaya ba baƙon abu ba ne a wurinsu. Mafi kyau ma ka kira su tun kafin ranar ka faɗa, su rubuta a jikin takardar teburin da aka kama muku.

MamanIlham:
Kai Kuku Allah ya saka da alheri, wallahi ban taɓa sanin maganar naman aladen nan ba.

Mafarauci77:
Ni ina gida Najeriya, Ningi, ban taɓa zuwa Ingila ba amma farauta gadonmu ce. Abin da nake son in gane, da gaske ne wai sai sun rataye tsuntsu kwana da kwanaki da gashinsa da hanjinsa kafin su ci? Wani ɗan ƙanena da ke karatu can ya gaya min na ce ƙarya yake. Mu in ka harbo makwarwa ko zabo da gudu kake zuwa da wuƙa, in da rai ka yanka, kafin rana ta take an fige an fasa ciki an babbake, in nesa ne a ƙyafe a wuta. Tsuntsu ya kwana biyar da kayan cikinsa ai ya zama abin ungulu.

Kuku_Whitechapel:
Baba Mafarauci da gaske ne, ɗan ƙanenka bai yi ƙarya ba. Amma ka tuna sanyin ƙasar. Lokacin farautarsu kaka ne zuwa hunturu, ɗakin da ake ratayewa kuma sanyinsa kusan na firij ne. A zafin Ningi awa nawa nama zai yi? A nan kwana biyu zuwa mako guda naman laushi yake yi, ƙamshin dajin ya fito. Tsofaffinsu na da su ne suke barinsa har ya fara tashi sosai, suna son hakan, yanzu yawancin kuku ba sa kaiwa can. Na farkon kaka ma, na ranar buɗe farauta, ko rataya ba a yi, ranar ake gasawa. Ka ɗauke shi kamar daddawa, wanda bai saba ba zai toshe hanci, mu kuma miya ba ta yi mana sai da ita.

Mafarauci77:
To ai daddawa kalwa ce, ba jini a jikinta. Amma na ji bayanin sanyin, wannan ya shiga.

Injiniya_Leeds:
Bari in ƙara wa Baba bayani tunda ina zaune kusa da inda ake abin. Farautarsu da kalanda take tafiya, doka ce tun 1831. Girawus daga 12 ga Agusta zuwa 10 ga Disamba. Makwarwar Turai daga 1 ga Satumba, fezan kuma, wannan mai dogon bindi da wuya mai sheƙi, daga 1 ga Oktoba, su biyun su rufe 1 ga Fabrairu. Ranar Lahadi da ranar Kirsimeti ba a harbinsu a Ingila. Ranar 12 ga Agustan nan biki ce a wurinsu, a harbo da safe a arewa a ɗauko a mota a guje zuwa Landan don a gasa a daren. Shi girawus ɗin ba ya kiwatuwa, a daji kawai yake rayuwa, a kan tuddan Yorkshire da Durham da Sikotlan inda wata gajeriyar ciyawa mai fure shunayya take rufe ƙasa, tohonta yake ci, ɗacin da Dan_Wusasa ya ji daga nan yake. Fezan kuwa yawancinsu ƙyanƙyasarsu ake a gona a sake su daji da miliyoyi kowace shekara. Rules sun daɗe da alaƙa da wani gandun farauta a Lartington da ke Teesdale, mai gidan da ya saye shi a 1984, John Mayhew, shi ya haɗa su. Na taɓa wucewa ta yankin a watan Agusta, tuddan gaba ɗaya sun rine, iska na kaɗawa, ba ka jin komai sai kukan tumaki.

Yadda suke yi kuma akwai kama da farautar gayya ta gida. Masu kora suna jeruwa da tutoci suna tafe suna tayar da tsuntsayen, maharba na laɓe a ramukan da aka gina da dutse, karnuka na ɗebo waɗanda suka faɗi. Bambancin shi ne a nan mai bindiga kuɗi masu yawa yake biya, mai kora kuma ɗan ƙauye ne da ake sallama da kuɗin yini.

Dan_Maradi:
Abin da nake jira a faɗa kenan. A wurinmu naman daji na wanda ya iya shiga daji ne, talaka ya fi sarki cinsa. A Ingila ƙarni da ƙarni na masu ƙasa ne, talakan da aka kama yana farautar dare a gonar mai gida a ƙarni na 19 har Ostireliya ana iya kora shi. Ni shi ya sa irin wuraren nan ba sa burge ni, tarihin da suke alfahari da shi akwai hawayen wasu a ciki. Kuma har yanzu ana rigima a kan tuddan nan, masu kare muhalli na cewa ana ƙona ciyawar ana kashe shaho da dila don tsuntsun harbi ya yi yawa.

Dan_Wusasa:
Dan_Maradi ban musa maka ba, rigimar tana nan, har majalisa an kai ta. Amma ka haɗa da wannan. A yaƙin duniya na biyu da aka ƙayyade nama da kati, gwamnati ta ce kar gidan abinci ya caji fiye da sule biyar, Rules bai rufe ba, da zomo da fezan da girawus ya ciyar da mutane saboda su ba sa cikin kati. Sannan a 1971 da aka tashi rushe unguwar don gine-ginen zamani, mutanen gari ne suka tsaya, mawaƙinsu John Betjeman ya rubuta takarda yana kare gidan. Kasuwar kayan lambu ta Covent Garden ta tashi zuwa Nine Elms a 1974, shi yana nan. Ni wannan riƙon nasu ne yake taɓa ni, iyali uku kawai suka riƙe shi kusan shekara ɗari biyu.

Bazazzagiya:
Ni duk ba wannan ba. Kuna ta maganar faranti kun manta kofi. Teburin da zai zauna za a sha giya a kai, Farfesa da sauran ɗaliban ba ruwa za su sha ba. Akwai hadisin da ya hana zama a teburin da ake zagayawa da giya, ko Malam? Ni wannan ne yake hana ni zuwa irin waɗannan tarukan a wurin aiki, kuma na san abin da na rasa saboda haka, an sha yanke maganar ƙarin girma a wurin cin abincin da ba na nan, amma na haƙura.

Malam_Tsangaya:
Hadisin yana nan Malama, Tirmizi da Ahmad sun ruwaito shi, kuma abin da kike yi shi ne mafi kuɓuta, Allah ya musanya miki da mafi alheri. Malaman da ke zaune a ƙasashen nan wasunsu sun yi sauƙi ga wanda ƙin zuwansa zai jawo masa cutarwa ko yanke alaƙa mai amfani, da sharaɗin ba zai sha ba, ba zai miƙa ba, ba zai biya kuɗinta ba. Wasu kuma ba su yi sauƙin ba. Dan_Gwammaja ya fi mu sanin halin da yake ciki.

Hajiya_Peckham:
Bazazzagiya 'yata ina ganin ƙoƙarinki. Ni dai abin da na gani a rayuwa, Baturen da ya san darajarka in ka gaya masa gaskiya tun wuri shi da kansa zai gyara. Tsohuwar shugabata a asibiti duk ranar da muka fita tare lemo take sha, ban taɓa roƙonta ba, sau ɗaya na yi mata bayani. Ɗana ka same shi a ofis ka faɗa masa da ladabi, kar ka bari sai an zauna.

Nas_Maryam:
Wani abu da ba a taɓo ba, dalma. Tsuntsun da aka harba da bindigar tsuntsaye ƙananan ƙwayoyin harsashi na maƙalewa a naman, gidajen abincin ma suna rubuta gargaɗin a ƙasan menu. Mijina ya taɓa tauna ɗaya a wani gidan abinci na ƙauye a arewacin Ingila, haƙorinsa na turmi ya tsage, sai da muka yi zarya wurin likitan haƙori sau uku. Ban da haƙori kuma hukumar kula da abinci ta ƙasar tun 2012 ta ja kunnen masu yawan cin irin naman nan su rage, musamman masu ciki da ƙananan yara. Cin sau ɗaya ga babba ba abin tashin hankali ba ne, amma in a cikinku akwai mai juna biyu a gaya mata.

Mafarauci77:
Wannan mu ma mun san shi Malama, da wuƙa muke bin ramin harsashin muna cirewa. Yaro ba a ba shi wurin da aka harba.

Sadauki_Kano:
Ni lissafi na tsaya yi. 1798 fa, shekara shida kafin hijirar Shehu zuwa Gudu kenan. Wato ana cin abinci a ɗakin nan tun Nafata yana sarautar Gobir ko kafin haka. Me ya sa mu ba mu da gidan abinci ko na shekara ɗari?

MamanIlham:
Saboda mu a gida ake ci Yaya Sadauki. Baƙo a da ba ya sayen tuwo, masauki ake ba shi a kai masa akushi. Abin da muke da shi mai tsufa sana'ar ce, ka je wurin masu kilishi ko 'yan balangu za ka samu wanda zai ce maka kakan kakansa ma ita ya yi, ba dai su rataya allo da shekara ba ne.

Sadauki_Kano:
Haka ne kuma, mahauta gado ne. Amma da an rubuta da yanzu muna da abin nunawa.

Abu_Hanan:
Na dawo kan maganarmu Malam. Na tambayi limaminmu bayan Isha, shi Bashafi'e ne ɗan Somaliya, ya ce a ƙa'idarsu farautar Ahlul Kitabi halas ce amma shi kansa ba zai ci wadda bai san maharbinta ba a ƙasar da ta cakuɗe haka. Ni har yanzu ina ganin ƙofar ba a rufe take ruf ba, amma da abin da Kuku ya faɗa na alade da giya, a gidan abinci kam na bar ta.

Dan_Gwammaja:
Jama'a na gode ƙwarai, na dawo da labari. Ranar Talata na bi shawarar Hajiya na sami Farfesa a ofis, ina ta kame-kame, shi kuwa ya saurare ni har ƙarshe sannan ya ɗauki waya da kansa ya kira su ya ce a rubuta mutum ɗaya ba alade ba giya a girkinsa. Ya ce shi zai sha kofi ɗaya da tsuntsunsa in ban damu ba, na yi shiru kaɗan na ce to, ban sani ba ko na yi daidai Bazazzagiya, har yanzu abin na raina. Na sa farin kaftani da hula zanna kamar yadda Dan_Wusasa ya ce. Wetan da ya kula da mu dattijo ne, ya tsaya a gefena ya bi menu ɗin da yatsa yana nuna min wanda zan iya da wanda ba zan iya ba, bai nuna gajiya ba. Na fara da kifin salmon mai hayaƙi da burodi mai ruwan ƙasa, sannan gasasshen kifi da man shanu da lemon tsami da dafaffen dankali da alayyafo. A ƙarshe aka kawo wani kek mai zafi da ake yi da dabino a kwarara masa narkakken sukari da man shanu, na tambaya aka ce ba giya a ciki, wallahi shi kaɗai ma ya isa dalilin zuwa.

Farfesa girawus ya ci. Da aka ajiye masa bai taɓa ba sai da ya nuna mana wani tebur a kusurwa ya ce nan suka zauna da mahaifinsa yana shekara goma sha ɗaya, uban ya koya masa yadda ake zare ƙirjin daga ƙashi, ya ce tun da ya rasu duk kaka sai ya zo sau ɗaya. Sai ya juyo ya tambaye ni mu wane tsuntsu muke ci a gida, na ba shi labarin makwarwa da zabo da abin da Baba Mafarauci ya faɗa na gudu da wuƙa, ya ajiye cokali yana ta tambaya har abincinsa ya fara hucewa. Ƙamshin tsuntsun dai ya iso hancina, kuma ba zan ɓoye ba na so in ɗanɗana.

Bazazzagiya:
Allah ya karɓi niyyarka Yaya. Ni dai ina nan a kan bakata, amma na ji daɗin yadda ya girmama ka.

Mafarauci77:
Ka gaishe min da Farfesan. Ka tambaye shi da gaske ne ƙafar tsuntsun gashi gare ta har yatsu, ɗan ƙanena ya faɗa min wannan ma.

Injiniya_Leeds:
Da gaske ne Baba, har kan farce, saboda sanyin tuddan. Dan_Gwammaja in har kana son ɗanɗanawa akwai wani ɗan'uwa a masallacinmu da ke da lasin bindiga, yana fita harbin fezan da makwarwa wajen Disamba, da bismillarsa da wuƙarsa a aljihu. Girawus kam ya fi ƙarfin aljihunmu, amma fezan zan iya ajiye maka biyu a firiza. Ka hau jirgin ƙasa daga King's Cross, awa biyu da 'yan mintoci ka iso Leeds, ka dai zo kafin 1 ga Fabrairu. Kuku kai kuma sai ka rubuto mana abin da za mu shimfiɗa a ƙirjin a madadin wancan.

Kuku_Whitechapel:
Man shanu mai yawa a ƙarƙashin fata, ko siririn kitsen rago, kuna yi kuna ɗiban man kuna zuba masa a kai duk minti goma. Romon kuma ku ɗaure shi da ruwan tsamiya kaɗan da albasa. In ranar ta faɗo Litinin ina hutu, da ni za a zo.